Zamana a Kwatas ɗin Baƙi a Riyad

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ni Bazazzagiya ce. A cikin birnin Zariya aka haife ni, a irin babban gidan nan da ba a rufe ƙofar zaure sai dare ya raba, kuma ba a ɗora tukunya daidai bakin mutanen gida, don ba a san wanda zai yi sallama ba. Maigidana likita ne. A 2012 ya samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Riyad, babban birnin Saudiyya. Shi ya riga mu tafiya, da igamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, ta fito ya nema mana biza muka bi shi, ni da yara biyu. Ban dawo gida da zama ba sai 2021. Tun da na dawo mata ke tare ni da tambayar yadda zaman yake, musamman waɗanda mazajensu ke shirin tafiya, amsar kuwa ta fi ƙarfin hirar tsaye a gidan biki. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Mutanenmu da sun ji Saudiyya, Harami ne ke faɗo musu a rai. Da nake yawon sallama, kowace tsohuwa saƙon addu'a take ba ni in kai mata gaban Ka'aba. Tsakanin Riyad da Makka kuwa tafiyar fiye da kilomita 800 ce. Riyad tana tsakiyar sahara, da bazara zafi yakan haura digiri 45, kuma mu ko cikin garin ma ba za a ce mun zauna ba. Asibitin ya kama wa likitocinsa gidaje ne a wani rukunin gidajen baƙi mai doguwar katanga da waya a samanta, abin da mu za mu kira kwatas.

Kafin mota ta isa ƙofa sai ta bi ta tsakanin shingayen kankare da aka jera a karkace. Ga soja a kan mota da bindiga a girke. Masu gadi su sa direba ya buɗe but da bonet, ɗayansu ya zura madubi mai dogon hannu ƙarƙashin motar. Ƙofa biyu ce, ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu. Wanda zai zo wurinka sai ka miƙa sunansa tun da wuri, in ya zo ya ajiye igamarsa a ƙofa, sai zai fita ya karɓa. Irin waɗannan unguwanni sun samo asali tun zuwan Amurkawa haƙar mai a gabashin ƙasar. An samu man a Damam a 1938, kamfanin ya gina wa ma'aikatansa gari guda mai shinge a Zaharan don su yi irin rayuwar ƙasarsu, sauran kamfanoni suka ɗauki salon. Tsananin tsaron kuwa ya biyo bayan watan Mayun 2003, lokacin da 'yan Alƙa'ida suka kai hari da motoci masu bam a kan kwatas uku a Riyad a dare ɗaya. A Nuwambar shekarar, ana cikin azumi, suka sake kai wa na Muhayya, inda yawancin waɗanda suka rasu Larabawa ne ma'aikata da iyalansu, har da ƙananan yara. Tsofaffin mazauna ba su manta ba. Akwai wata 'yar Labanan a layinmu da ko tayar mota ce ta fashe a waje sai ta kira yaranta ciki.

Da an wuce ƙofa ta biyu sai ka ga wata ƙasa daban. Ciyawa shar, itatuwan dabino a jere, wurin ninƙaya, filin wasan yara, kanti, ɗan masallaci. Turawa mata na yawo da gajeren wando, wasu a kan keke, alhali a waje a lokacin ba macen da ke fita ba abaya. Mazauna kuwa daga ko'ina: Masar, Sudan, Indiya, Fakistan, Ingila, Afirka ta Kudu, sai ma'aikatan jinya 'yan Filifin da ke da nasu bene a ƙarshen kwatas. 'Yan ƙasa ne kawai babu.

Ba zan yi butulci ba, an ji daɗi. Mun baro gida a shekarar da bama-bamai ke tashi a Kano da Kaduna, har Zariya ba ta tsira ba. Ga ni a inda yara za su fita wasa bayan isha'i ban ji ɗar ba. Wuta ba ta ɗaukewa. Ruwa na zuwa dare da rana, duk da cewa mai yawa daga cikinsa ruwan teku ne da ake tacewa a Jubail a turo shi ta bututu daga nisan fiye da kilomita 400. Famfo ya lalace ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, waya kawai za ki ɗaga, kafin la'asar an gyara. Albashi na shigowa a kan lokaci, maigida ya samu yi wa iyayensa da ƙannensa abin da shekaru yana fatan yi. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne, bai taɓa kwana yana yi wa jariri fifita ba.

Amma da safe in maigida ya tafi asibiti, motar makaranta ta kwashe yara, sai gida ya yi tsit. Ba mai sallama. Ba almajiri, ba mai tallar ƙosai, ba maƙwabciya da za ta aiko a sam mata gishiri. Kiran salla ma daga can bayan katanga yake zuwa, sai an kashe na'ura ake jin sa sosai. Kowa da ƙofarsa a rufe. In kun haɗu a hanya a yi murmushi a wuce, don a tsarinsu ba a shiga gidan mutum sai an sa rana da lokaci. Turawa na da nasu taron na ƙarshen mako a bakin ruwan ninƙaya, da kiɗa da abin da ni ba zan zauna a wurin ba. Larabawa kowa ya nemi 'yan ƙasarsa. Ni kaɗai ce Bahaushiya. Nakan yi shara inda ba datti, in sake goge abin da na goge, in duba agogo in ga ko hantsi bai yi ba. Na sha yin kuka a kan sallaya ba tare da wani ya yi mini komai ba, kuma ba na iya faɗa wa Inna a waya, don a wurinta 'yarta tana ƙasa mai tsarki cikin ni'ima, me za ta nema kuma?

Mata ba sa tuƙi a lokacin, sai a watan Yunin 2018 aka ba su dama. Hanyar fitarmu ita ce bas ɗin kwatas da ke kai mata manyan kantuna safe da yamma, kowace rana da inda ake zuwa. Turawa kan shigo da abayarsu a dunƙule a jaka, sai an doshi ƙofa su zura ta, in an dawo tun kafin motar ta tsaya sun tuɓe. Ni da hijabina nake ciki da waje. A cikin kwatas ana yi mini kallon mai tsanani, a waje kuma wani kallon daban ke jirana.

Wata rana ina zaɓen tumatir a kanti, wata mata ta kama hannun abayata, ta tambaye ni a gidan wa nake aiki, nawa suke biyana, ita za ta ƙara. Na ce mata da ɗan Larabcina mijina likita ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta saki hannun ta wuce. Aikatau ba abin kunya ba ne, da shi mata da yawa suka riƙe marayu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne launin fatata kaɗai ya ishe ta ta yanke hukunci. Kuma duk lokacin da muka je Umara, muka ɗauki harami a Sailul Kabir kusa da Ɗa'ifa muka gangara Makka, sai in ji Hausa na tashi ta ko'ina, in ga 'yan uwanmu da ake kira Takari, wasu na talla suna waige-waigen askarawa. Wasunsu a can aka haifi iyayensu. Akwai zuriyar Hausawa da suka zama 'yan ƙasa tun da daɗewa, har kyaftin ɗin ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018 sunan Hausawi yake ɗauke da shi, amma da yawa ba su da takarda. A ƙarshen 2013, da aka tsananta kamen marasa igama, na kwana ina tunanin cewa abin da ya raba ni da su ɗan kati ne guda, kuma ko shi da sunan aikin mijina ya fito.

Sauƙi ya zo mini ta inda ban zata ba. Wata la'asar na sa turaren wuta na bar taga a buɗe. Can sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, karo na farko da wani ya zo ba mai gyara ba. Wata doguwar mata ce da lafaya, riƙe da faranti a rufe. Ta ce ƙanshin ne ya jawo ta, tun da ta tare a gidan da ke bayan namu ba ta ji irinsa ba. 'Yar Sudan ce, mijinta likitan yara. Da ta ji daga inda na fito sai ta rungume ni. Ashe a Sinnar ta tashi, kusa da Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da Hausawa ta yi wasan ƙasa. Ta san agashe, ta san kunu, ta iya gaisuwarmu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Ita ta nuna mini shagunan 'yan Sudan inda ake samun busasshiyar kuɓewa da gero da zoɓorodo. Kuka da daddawa da yaji dai sai wanda ya zo Umara ya taho mana da su, in kasa biyu in kai mata.

A 2014 na haihu. Mun nema wa Inna bizar ziyara ba ta fito a kan lokaci ba. A gida mai jego ba ta ɗaga ko tsinke, ga masu dafa ruwan wanka, ga masu dama kunun kanwa, ga 'yan barka cike da ɗaki. Ni aka sallamo ni daga asibiti zuwa gidan da ba kowa, washegari maigida ya koma aiki. Yaya ce ta zama uwa. Kullum da asuba sai ta shigo da kwanon kunun hulba mai zafi, wanda su suke ba masu jego, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ta yi wa jaririya wanka, ta gasa mini jiki da tawul, ta kwashi manyan yara zuwa gidanta. Ranar da ta same ni ina hawaye ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ɗauki wayata ta kira Inna, ta ce mata da guntuwar Hausarta, "Hajiya, 'yarki lafiya, ni ina nan." Ina jin Inna daga can tana sa mata albarka har muryarta na rawa.

Ranar suna ita ta bi gida-gida ta gayyato mata. An yanka rago a mayanka aka kawo naman a leda. Maigida ya miƙa sunayen baƙinsa a ƙofa, likitoci 'yan Najeriya, Yarabawa da Ibo, da wasu ɗalibai Hausawa daga Jami'ar Sarki Sa'ud. A falona kuwa ga 'yar Masar, ga 'yar Fakistan, ga ma'aikatan jinya biyu 'yan Filifin, ga wata Kirista 'yar Afirka ta Kudu da ta zo da kayan jarirai na saƙa. Yaya ta zana mini lalle har gwiwar hannu. Muka ci waina da miyar taushe da na kwatanta musu suka taya ni yi. A ranar na gane yawancin matan nan irin ciwona suke fama da shi, kowace tana bayan ƙofarta tana jiran wata ta fara.

Yaya ce kuma ta ja ni zuwa makarantar haddar Alƙur'ani ta mata a unguwar da ke bayan katangarmu. A can na fara zama da matan ƙasar. Wata dattijuwa da muke aji ɗaya ta gayyace mu gidanta, aka zuba mana gahawa a 'yan ƙananan kofuna da dabino, aka kawo shinkafa da nama a babban tire, jikoki na shiga suna fita suna sumbatar goshinta. Zumuncinsu ƙaƙƙarfa ne, kuma suna girmama baƙo in ya shigo. Akwai waɗanda suka shekara goma a kwatas ɗinmu ba su taɓa taka gidan Basa'udiye ba, amma in suna hira sai ka ji suna yanke wa mutanen ƙasar hukunci iri-iri. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin na ga mai kama hannun abaya, na kuma ga wannan dattijuwa, duk a gari ɗaya.

Akwai mutanen da ban isa in tsallake su ba. Ciyawar nan da ke shar, wasu ne ke ba ta ruwa. 'Yan Bangaladash ne da Indiya da Nefal, mota ke kawo su da asuba daga sansaninsu a bayan gari, ta kwashe su da yamma. Doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tsakanin tsakiyar Yuni da tsakiyar Satumba, sai ka gan su kwance a inuwar katanga da kwali a ƙarƙashinsu. A gidanmu na Zariya wanda ya share ƙofar gida daga tukunyar gidan yake ci, don haka da azumi nakan zuba musu abin buɗa baki in miƙa ta ƙofar baya. Mai kula da layinmu ya taɓa nuna mini hoton 'yarsa a waya. Tana ciki ya baro gida, ga ta har ta shiga makaranta, bai taɓa ɗaukar ta ba. Fasfonsa na hannun kamfanin da ya kawo shi.

Yara su ne suka fi jin daɗin wurin, kuma a kansu na fi jin tsoro. Makarantarsu ta Turanci ce, abokansu daga ƙasashe barkatai. Ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Da muka zo hutu, babban ya miƙa wa kakansa hannu a tsaye. Malam ya riƙe hannun yana murmushi ya ce, "Ke 'yar nan, a dai riƙa kawo mana su." Maganar ba ta wuce haka ba, amma na fahimci abin da yake nufi. Ba su san bambancin gwaggo da inna ba, ba su san wa ake wasa da shi wa ake jin kunya ba. Kuma ƙasar da suke ɗauka tasu ba tasu ba ce. Haihuwa a can ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa.

Baƙo raɓa ne, a kwatas na ga zahirin wannan magana. Ba tsoho a cikinmu, ba wanda ya yi ritaya ya zauna. Kusa da kanti akwai allo da kullum ke cike da tallar kujeru da firiji da keken yara na waɗanda kwangilarsu ta ƙare. Yau kuna tare, wata mai zuwa an yi wa gidan fenti wasu sun shiga. Daga Yulin 2017 abin ya ƙaru, da gwamnati ta sa kuɗi a kan kowane mutum da ma'aikaci baƙo ya ajiye a ƙarƙashinsa: riyal 100 a wata, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, 400 a 2020. Zuwa lokacin mun zama mu biyar a kan igamar maigida, ni da yara huɗu, wato riyal 24,000 a shekara in an lissafa da riyal 400, kuma ba a sabunta igama ko a ba ka bizar fita da dawowa sai ka biya. Wasu wuraren aiki sun ɗauke wa ma'aikatansu, namu bai ɗauke ba. Ga harajin kaya da aka fara a 2018, ga kuɗin makaranta. Yaya 'ya'yanta shida. A ƙarshen 2018 mijinta ya mayar da su Kartum. Ni na taya ta ɗaure kaya, ta bar mini kaskon turarenta.

Sai korona ta zo. A Maris ɗin 2020 aka dakatar da jirage, aka rufe Umara, a Afrilu aka hana fita dare da rana a Riyad. Maigida na asibiti, in ya dawo ɗaki daban yake kwana don kada ya shafa mana. Ana cikin haka Malam, mahaifina, ya rasu. Da asuba ƙanina ya kira ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Kafin azahar an kai shi. Ko da akwai kuɗi da biza ba jirgin da zai tashi, filayen jiragen Najeriya ma a rufe suke ga jiragen ƙasashen waje har Satumba. Na yi zaman makoki ni kaɗai a falo da waya a hannu, ina jin hayaniyar masu ta'aziyya a tsakar gidanmu ta cikinta. Matan layinmu ba su da ikon shigowa, suka riƙa ajiye abinci a bakin ƙofa su buga su koma. Allah ya saka musu. Bayan an yi addu'ar bakwai na ce wa maigida, "Baban yara, ina neman alfarma. Inna ta tsufa. Ba na so ita ma in ji a waya." Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in bari yara su ƙarasa shekarar karatu.

Haka aka yi. Muka dawo Zariya, shi ya ci gaba da aikinsa yana zuwa hutu. Mun dawo mun tarar da ɗauke wuta da tsadar kaya da fargabar hanyar Kaduna, yara sun sha wuya kafin su saba, ƙaramar har yanzu takan tambayi wurin ninƙaya. Amma Hausa ta zauna a bakinsu, sun san gidan kowace gwaggo, kuma ni nake kai Inna asibiti da hannuna.

Yaya kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya same su a Kartum. Kwangilar mijinta ta riga ta ƙare, ya koma ya buɗe ɗan asibitinsa da abin da ya tara. Suka fita da kayan jikinsu, suka yi kwanaki a mota kafin su tsallaka Masar. Gidan da suka gina da gumin shekarun Riyad an wawashe shi. Yanzu suna haya a Alƙahira, su takwas a ɗaki biyu, mijin na neman izinin aiki. Muna magana ta WhatsApp duk Juma'a, kuma kafin in tambaye ta halin da suke ciki ita ke riga ni tambayar jikin Inna da karatun 'yar da ta yi wa wankan farko. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ita da mutanen Sudan baki ɗaya. Allah ya mayar da su gidajensu lafiya, ya jiƙan Malam da dukkan iyayenmu da suka riga mu.